Taragun Gwanjo na Ƙasar Tailan da Darasin da Na Dawo da Shi Gida

   

A ƙarƙashin rubutuna na makon jiya wata 'yar'uwa ta bar saƙon da ya tsaya mini a rai. Ta ce bana kuɗi bai kai ba, sai ta shiga kasuwa ta zaɓo wa 'ya'yanta uku kayan gwanjo masu kyau, ta wanke ta goge. Ranar da suka saka suka je gidan suna, facalarta ta shafa rigar babbar 'yar ta ce, "Wannan ƙamshin ai na san shi, na dila ne." Mata suka kwashe da dariya. Tun daga ranar yarinyar ta ƙi sake saka rigar. Sai uwar ta tambaye ni, "Anti Nas, kuskure na yi?"

'Yar'uwa, amsarki na nan tafe, amma ki yi haƙuri da ni, ta doguwar hanya zan biyo. Zan ba ki labarin wata ƙasa da ke karɓar gwanjon jirgin ƙasa sukutum, ba riga ba, da abin da na gani da idona a can.

Abin da na gani a tsohuwar tasha

A shekarar 2023 Allah Ya nufa aka tura ni wani gajeren kwas kan kula da jarirai bakwaini a Bankok, babban birnin Tailan, ƙasar nan da muka fi sani da shinkafa. Wata nas 'yar ƙasar ce ta riƙe ni kamar ƙanwarta. Wata Asabar ta ce in zo ta nuna mini Hua Lamphong, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka buɗe tun 1916. A farkon wannan shekarar ne aka kwashe manyan jiragen doguwar tafiya daga nan aka mayar da su sabuwar tasha, aka bar wa tsohuwar ƙananan jirage da na yawon buɗe ido.

Muna shiga na hango wani jirgi fari-fari mai ratsi a jiki, hancinsa a turo, yana ƙyalli. Mutane sun yi masa caa, iyaye na ɗaga yara ana ɗaukar hoto. Na ce mata, "Sista, sabo kuka kawo ke nan?" Ta yi dariya ta ce in matsa in duba rubutun da ke jikinsa. Rubutun Japan ne. Ta ce, "Wannan ya girme ki. A farkon shekarun 1980 aka ƙera shi."

Na tsaya ina kallo. Ni da na taso ina jin in an ce abu na hannu ne sai a rage murya, ga shi a nan ana layi don a hau na hannu, har da sayen tikiti tun kwanaki kafin ranar.

Sunan samfurin KiHa 183. Taragu 17 ne kamfanin jiragen ƙasa na tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan ya bai wa hukumar jiragen ƙasa ta Tailan kyauta, bayan sun yi shekara talatin da wani abu suna jigilar mutane a can. Sun iso ta jirgin ruwa a watan Disamba 2021. Sai bayan shekara guda, a Disamba 2022, aka fara ɗaukar fasinja a cikinsu. Ku riƙe wannan shekara gudar, za mu dawo kanta.

Me ya sa Japan ke rabuwa da jiragenta?

Ba wannan ne karon farko ba. Tun a 1997 wani kamfanin jiragen na yammacin Japan ya fara aika wa Tailan tsofaffin taragu. A 2004 da 2008 ya ƙara aiko da taragun kwana, masu gadaje a ciki, waɗanda suka yi shekaru suna jigilar dare tsakanin Bankok da biranen nesa kamar Chiang Mai.

Dalilin rabuwa da su ba lalacewa ba ce. A da can Japan na da jiragen dare da yawa, masu launin shuɗi, mutum ya kwanta a wani gari ya farka a wani. Daga 1964 ta fara shimfiɗa layin jirgin nan mai tsananin gudu da suke kira Shinkansen. Tafiyar da ake kwana a hanya ta koma ta 'yan sa'o'i. Ga jiragen sama, ga motocin safa na dare masu araha. Fasinja suka yi ta raguwa, aka yi ta soke jiragen kwana ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe a cikin shuɗɗan suka tsaya tsakanin 2015 da 2016. Sai taragu masu sauran ƙarfi suka rasa aikin yi.

Kun ga kamar rigar da yaro ya fi ƙarfinta ce tun ba ta kai ga yagewa ba. Mai ita ya wuce wurin, ita kuwa da sauranta.

Tailan kuma tana da layin dogo mai tsawon sama da kilomita 4,000, tana da talakawa da ɗalibai da 'yan ƙauye da jirgin ƙasa ne hanyarsu mafi sauƙin kuɗi, hukumar jiragen kuma ta daɗe tana fama da bashi. Ga mai neman kai da kaya, ga mai buƙata. Sai dai karɓar kyautar jirgi ba kamar karɓar kyautar atamfa ba ce.

Faɗin yatsu huɗu

Abu na farko, taragun Japan ba za su hau titin Tailan ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na layin dogo a mafi yawan Japan milimita 1,067 ce. A Tailan mita ɗaya ce cif, wato milimita 1,000. Bambancin milimita 67 ne kacal, kusan faɗin yatsunki huɗu in kin haɗe su. Amma saboda wannan ɗan bambancin, dole a ciro ƙafafun kowane tarago a matso da tayoyin ƙarfen ciki, a auna, a gwada, kafin ya taka ko taku ɗaya.

Abu na biyu, yanayi. Hokkaido ƙasar ƙanƙara ce, jirgin don ya jure sanyi aka ƙera shi. Tailan kuwa zafi ne da gumi kamar Legas. Dole a sake duba na'urorin sanyaya ciki don su iya da wannan zafin.

Abu na uku, tsayi. Jirgin na da fitila a can saman kansa, wadda ta yi tsayi da yawa ga hanyoyin Tailan. Sai aka cire ta aka sauko da fitilun ƙasa.

Sannan aka bi inji, aka bi birki, aka bi wayoyin wuta, aka kankare tsatsa aka yi fenti. A ma'aikatar gyaran jirage ta Makkasan da ke cikin Bankok aka yi wannan aiki, kuma ma'aikatan ƙasar ne suka yi da hannunsu. Ga inda shekara gudar nan ta tafi.

Kyautar ma ba ta zo a banza ba. Tailan ce ta biya kuɗin dakon taragun ta ruwa, kimanin baht miliyan 42 a kuɗinsu. Da labarin ya fito, mutanen ƙasar da dama suka yi ta surutu a Facebook, suna cewa gwamnati ta kwashi kuɗin talakawa ta yi dakon bola. Wato su ma suna da facaloli. Bakin da yawa ya mutu ne ranar da aka fito da jirgin aka ga yadda ya koma.

Akwai abu na ƙarshe da ya fi burge ni. Ba su ɗora wa tsohon jirgin nan aikin da ya fi ƙarfinsa ba. Ba a ce kullum ya yi ta zirga-zirgar dare zuwa iyakar ƙasa ba. Aikin yawon buɗe ido aka ba shi, yawanci a ƙarshen mako, ya kai mutane garuruwan tarihi ya dawo da su. Sun san shekarunsa, sun ba shi aiki daidai shekarunsa. Haka muke yi wa Hajiya Kaka a gida: ba ma ba ta daka, amma ita ke riƙe jariri, kuma babu wanda ya fi ta iyawa.

Inda abin bai yi daɗi ba

Kada ku ɗauka duk inda aka kai gwanjon Japan sai alheri. Ƙasar Filifin ma ta karɓi taragun kwana daga Japan a 2011, ta sa su a jirgin dare da ke tashi daga Manila zuwa yankin Bicol. Su nasu ma ya fi sauƙi, domin faɗin titinsu ɗaya ne da na Japan, ba sai an taɓa tayoyi ba. Mutane suka yi murna.

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Oktoba 2012, bayan ruwan sama mai ƙarfi ya ɓata hanya, jirgin ya sauka daga kan layi. Aka dakatar da tafiyar. Taragun lafiyarsu ƙalau suka zo, amma titin da za su bi ya tsufa, gadoji na neman gyara, ga guguwa da ambaliya kusan kowace shekara. Daga nan jirgin dare na yau da kullum a wannan hanya bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Kaya iri ɗaya, daga ƙasa ɗaya. Wani wuri sun yi shekaru suna amfani, wani wuri shekara ɗaya da 'yan watanni aka ajiye su. Bambancin yana wajen wanda ya karɓa.

Wannan ya tuna mini abin da ya faru a wani asibiti da na taɓa aiki. Wasu bayin Allah daga waje suka aiko mana da kwalaben jarirai guda uku, na hannu amma masu kyau. Aka yi taro, aka ɗauki hoto. Babu wanda ya lura cewa an ƙera su ne don wutar lantarkin ƙasar da suka fito, wadda ƙarfinta kusan rabin namu ne. Ta farko ana jona ta sai hayaƙi. Sauran biyun aka nemo musu na'urar rage ƙarfin wuta suka yi aiki 'yan watanni, har ran da wani ɗan ƙaramin abu mai auna zafi ya mutu a ɗaya. Ba a sayar da shi a ƙasar nan, littafin bayanin bai zo tare da su ba, mai gyaranmu kuma bai taɓa ganin irinsu ba. Na sha wucewa ta gaban sito in gan su a rufe da zani, a daren da nake da bakwaini biyu da kwalba ɗaya mai aiki. Wanda bai samu ba sai mu ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, mu lulluɓe. Allah Ya taimaka dabarar tana aiki, amma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Da an yi mana irin aikin Makkasan, a duba kafin a jona, a koya wa mai gyara, a tanadi kayan canji, da kwalaben nan suna raya yara har yanzu.

Daren da na kwana a jirgi

Kafin in dawo gida na ce sai na ɗanɗana jirgin dare. Na yanki tikiti zuwa Chiang Mai, can arewacin ƙasar, tafiyar kilomita kusan 750, wadda ke cin sa'a goma sha biyu zuwa sha uku. A tashi da magariba, a isa da hantsi bai yi ba.

Wannan jirgin ba gwanjo ba ne. A 2016 Tailan ta sayo sababbin taragu 115 daga ƙasar Sin, ta sa su a manyan hanyoyinta huɗu na dare. Wato ba su ce tunda ana ba su kyauta shi ke nan sun huta da saye ba. Inda aiki ya fi nauyi suka sa sabo, tsofaffin suka koma inda za su iya.

Da ka shiga kujeru ne biyu-biyu suna kallon juna. Bayan an yi nisa kaɗan sai ma'aikaciya ta zo ta haɗe kujerun su zama gadon ƙasa, ta janyo wani daga sama ya zama gadon bene, ta shimfiɗa farin zanin gado, ta sa matashi, ta rataya labule, ta miƙa miki bargo a cikin leda. Cikin 'yan mintuna ta gama ta wuce na gaba. Ni da nake gyaran gado a asibiti kullum, sai da na sara mata. Gadon ƙasa ya fi faɗi, yana da taga, ya kuma fi tsada kaɗan. Akwai wurin cajin waya a kowane gado. Sanyin na'ura kuwa sai da na ƙara da mayafina.

Taragon da na shiga na mata ne da ƙananan yara zalla, ma'aikatansa ma mata. A gadon da ke kallon nawa wata uwa ce da 'yarta 'yar kimanin shekara huɗu. Ba ma jin yaren juna, amma da yarinyar ta fara tari cikin dare na leƙa, uwar ta gane nufina, na taɓa goshinta na nuna mata babu zazzaɓi, sanyi ne kawai, ta ƙara lulluɓe ta. Da safe ta miƙo mini ayaba.

Sai da na dawo Bankok nake yaba wa Sista wannan tsari, sai na ga fuskarta ta canja. Ta ce taragon matan nan da jini aka saye shi.

A watan Yuli 2014, wata yarinya 'yar shekara 13 tana barci a gadonta a jirgin dare da ya taso daga kudancin ƙasar zuwa Bankok, tare da 'yan'uwanta. Wani ma'aikacin jirgin, cikin masu shimfiɗa gado, ya sha ƙwaya da giya, ya yi mata fyaɗe, ya kashe ta, ya jefar da ita ta taga. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙasar ta girgiza. Aka sauke shugaban hukumar jiragen, kotu ta yanke wa mutumin hukuncin kisa, aka hana sayar da giya da shan ta a cikin jirgi, kuma daga 1 ga Agusta 2014 aka ware taragon mata da yara a manyan jiragen dare.

Na daɗe ban ce komai ba. Ina da 'ya mace. Abin da ya zo mini shi ne, a daren nan birki bai tsinke ba, taya ba ta fita ba. Mutum aka ɗauka aiki aka ba shi amanar masu barci ba tare da an sa masa ido ba. Ni kuma abin da ya sa na yi barci har da minshari a nawa daren, sanin cewa akwai ƙofa, akwai doka, akwai mace a farke tana zagayawa. Da a tsohon taragon Japan aka yi wannan tsari, haka zan yi barcina.

Mu kuma fa?

Wani abin mamaki, tsohon layin dogonmu na Najeriya, wanda ya tashi daga Legas ya iso Kano tun farkon ƙarni na 20, faɗinsa milimita 1,067 ne, daidai da na Japan. Sababbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 sun fi faɗi, milimita 1,435. Batun jirgi na hannu ma ya riga ya iso mu: jihar Legas ta sayo wasu jirage da aka ƙera domin jihar Wisconsin ta Amurka amma ba a yi amfani da su a can ba, ta kuma kawo wasu tsofaffi daga Ingila.

To duk ranar da muka ji an ce gwamnati ta kawo jirgi, ko motar asibiti, ko na'urar haihuwa ta hannu, kada mu tsaya a "tsoho ne" ko "sabo ne". Mu da 'ya'yanmu za mu shiga ciki, muna da haƙƙin tambaya. Tambayoyi huɗu na koyo daga Tailan, kuma na ga suna aiki har a tsakar gida:

Ta ɗaya, ya dace da wurinmu? Firjin da aka ƙera don wata wutar, ko rigar sanyin ƙasar ƙanƙara a watan Afrilu, ko kyauta aka ba ki wahala ce.

Ta biyu, wa ya duba shi kafin a fara amfani? Ba mai sayarwa ba, wani wanda ya san abin kuma ba shi da riba a cinikin.

Ta uku, in ya lalace akwai mai gyara, akwai kayan canji a kusa?

Ta huɗu, aikin da za a ba shi daidai ƙarfinsa ne?

Abin da ya tsallake huɗun nan, saye shi ba abin kunya ba ne, dabara ce. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya faɗi ko ɗaya, ki bar shi ko da an ce ki ɗauka a ba ki tukuici.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya zan ƙara da wannan. Kayan sawa na gwanjo a wanke su da sabulu da ruwan zafi in yadin zai jure, a shanya a rana sosai, a goge kafin su taɓa jikin yaro, saboda ƙaiƙayi da ƙazuwa. Gadon jariri na hannu a girgiza shi a ga bai yi lako-lako ba, a tabbata kan jariri ba zai shige tsakanin sandunansa ba, fentinsa kuma ba ya ɓarewa. Tukunyar gas ta hannu kada ta shiga gida sai wanda ya san aikin ya duba ta, mai tsatsa ko lotsawa kuwa a bar ta a inda aka gan ta. Akwai kuma abubuwan da ba a yin gwanjonsu ko kaɗan: kan bulumboti, buroshin haƙori, kamfai, da ragowar maganin da aka rubuta wa wani.

Mai shirin doguwar tafiyar dare da yara, a jirgi ne ko a mota, ga abin da na ɗauko daga wancan dare. Ki nemi wurin da mata suka fi yawa. Ƙaramin yaro ya kwana a jikinki, ta ɓangaren bango. Babbar 'ya ma kada a ce ai ta girma a raba ta da ke zuwa wani wuri mai nisa, ita ce ma ta fi buƙatar idonki. Kada yaro ya tafi banɗaki shi kaɗai, ko da rana. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihunsa. Kayan aiki a jikin mutum ba shaidar amana ba ne, in wani ma'aikaci ya cika shisshigi ga 'yarki, ki ɗaga murya tun da wuri. Ki tafi da ruwa mai tsafta, da gishirin zawo, da abin rufa.

Amsarki, 'yar'uwa

Ba ki yi kuskure ba. Kin duba aljihunki, kin zaɓa da idonki, kin wanke, kin goge, kin fitar da 'ya'yanki fes ba tare da kin ci bashin kowa ba. Aikin da injiniyoyin Makkasan suka shekara suna yi wa jirgi, shi kika yi wa riguna uku a tsakar gidanki.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar. Kada ki tilasta mata saka rigar, kada kuma ki yi mata faɗa. Ki zaunar da ita ki gaya mata gaskiya: nawa ke hannunki, shago nawa kika zaga, me ya sa ita wannan kika zaɓa mata a cikin dila guda. Yara na gane ƙoƙari in an nuna musu shi. In kin ga dama ki ba ta labarin jirgin da mutane suka kira bola, yau kuma suke layin hoto da shi. Ita kuwa facala, ki bar ta da halinta, ki gaishe ta in kun haɗu.

Sauran iyaye mata, ina jiran naku a ƙasa. Wane abu na hannu kika taɓa saya ya yi miki shekaru yana aiki? Wanne ne kuma ya sa kika yi da-na-sani, kuma wace tambaya ce cikin huɗun nan kika tsallake? Waɗanda suka taɓa shiga jirgin Kano zuwa Legas a da, ko iyayensu suka ba su labari, ku ba mu mu sha. Ina dutin dare wannan makon, in ɗaki ya lafa zan riƙa leƙowa ina amsawa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.